Sababbin ɗaliban wasan kwaikwayo a jami'a: me ya kamata a fara kamawa a shekarar farko?

Sabuwar Ɗaliba: Assalamu alaikum malamai da yayye. A madadin sababbin shiga nake tambaya. A shekarar farko akwai tarihin wasan kwaikwayo, nazarin rubutaccen wasa, horon murya da jiki, ga kuma aikin bayan fage. Wanne ya kamata a fi ba ƙarfi? Wasu na cewa karatun littafi ɓata lokaci ne, a kan dandamali kaɗai ake koyon abin.

Malam Mai Nazari: Wa alaikumus salam 'yata. Mai cewa littafi ɓata lokaci ne, ranar da darakta ya tsayar da shi ya ce "me kake nema a wannan fitowar?" zai san ya yi asara. Abin farko shi ne ki iya karanta wasa, domin ba irin karatun ƙagaggen labari ba ne. A labari marubuci yakan faɗa miki abin da ke zuciyar mutum. A wasa ba a ba ki komai sai maganganu da 'yan umarni, sauran ke za ki haƙo.

Ki karanta kowane wasa sau 3. Karon farko a zama ɗaya, ba alƙalami, don ki ji yadda zai zo wa ɗan kallo. Karo na biyu da fensir: su waye, a ina, yaushe, me ya faru kafin a ɗaga labule. A nan ki ja layi ki raba takarda gida 3 ga mutumin da kike nazari. Gida ɗaya abin da marubuci ya faɗa game da shi, ɗaya abin da shi ya faɗa game da kansa, ɗaya abin da sauran suka faɗa a kansa. Inda gidajen nan suka saɓa, nan ne naman wasan yake. Mutumin da ke kiran kansa mai haƙuri alhali matarsa na tsoron shigowarsa gida, ai kin samu abin da za ki taka.

Karo na uku ki yanka kowace fitowa gunduwa-gunduwa, duk inda niyya ta sauya ki ja layi. A gefen kowace gunduwa ki rubuta aikatau: in lallashe shi, in tsorata ta, in ɓoye masa. Kada ki rubuta "ina baƙin ciki". Baƙin ciki ba a aikata shi, zuwa yake yi. Ɗan wasan da ya ɗauki baƙin ciki a matsayin aikinsa zai ɓata fuska na minti 10 ba sauyi, 'yan kallo su gaji. Wannan tsarin daga Konstantin Stanislavski na Rasha ya samo tushe, wanda shi da Nemirovich-Danchenko suka kafa gidan wasansu na Mosko a 1898. Tambayar Stanislavski guda ce mai sauƙin riƙewa: da ni ne a wannan halin, me zan yi?

Baban Fitila: Allah ya gafarta Malam, duk abin da ka faɗa haka yake, amma ni da za a bi ta tawa, bayan fage za a fara tura kowane sabon ɗalibi. Dalili kuwa, a cikin aji guda mutum nawa ne za a ba babban matsayi a shekarar farko? Kaɗan ne ƙwarai. Sauran ko dai su zauna suna jiran sa'a, ko su koyi sana'ar da babu wasan da zai tashi sai da ita. Kuma wanda ya taɓa saita fitila ba ya tsayawa a duhu idan ya hau dandamali, ya san inda haske ya faɗi.

Malam Mai Nazari: Ai ba mu saɓa ba Baba. Mai fitilar ma in bai karanta wasan ba, ta yaya zai san dare ne ko hantsi?

Yaya Manaja: Ƙanwata, kafin duk wannan ki haddace taswirar dandamali, don ranar farko za a fara jefo miki ita. Dama da hagu na ɗan wasa ne yayin da yake fuskantar 'yan kallo, ba na mai zaune a kujera ba. Sama shi ne can ciki nesa da 'yan kallo, ƙasa shi ne bakin dandamali kusa da su. Sunan ya samo asali ne daga tsofaffin dandamali da ake ginawa da gangare, bayansu ya fi gabansu tudu. In kin haɗa sama, tsakiya, ƙasa da dama, tsakiya, hagu, gida 9 ke nan. Darakta zai ce "ki gangaro ƙasa ta hagu", ba zai nuna miki da yatsa ba.

Kurakuran sababbi kusan iri ɗaya ne. Suna fuskantar abokin wasa gaba da gaba kamar a ɗaki, sai rabin zaure ya riƙa kallon ƙeya. Gyaran shi ne ki ɗan buɗe jiki, ƙafar da ke wajen 'yan kallo ta ɗan ja baya. In za ki miƙa abu ko ki nuna, ki yi da hannun da ke ta sama, don na ƙasa yana tare fuska. Sannan kada ki riƙa ja da baya zuwa sama alhali kuna magana da wani, domin kin tilasta masa juya wa jama'a baya ke nan. Wannan 'yan wasa na ɗaukarsa rashin ladabi ko da ba da gangan aka yi ba.

Anti Murya: Bari in shigo ta nan, tunda murya ce ake fara lalatawa. Ɗalibi ya ji an ce "ba ma ji daga baya", sai ya kama ihu da maƙogwaro. Kwana 3 murya ta dushe. Ƙarfin murya daga numfashi yake, ba daga wuya ba.

Ga abin da za a riƙa yi kullum, minti 15 zuwa 20, ba sai ranar rihazal, wato gwajin wasa, ba. Ki kwanta rigingine ki ɗora littafi a ciki. Ki ja numfashi har littafin ya ɗaga, kafaɗu kada su motsa. Ki ja a ƙirga 4, ki saki a hankali da sautin "sss" a ƙirga 8. Bayan mako ki kai 12, sannan 16, har 20. In kin ji jiri ki dakata, kin yi gaggawa. Daga nan ki tashi tsaye, gwiwa a sake, ki rufe baki ki yi "mmm" har ki ji leɓe da hanci suna kaɗawa, sai ki buɗe zuwa "maa" ba tare da kin ƙara matsa wuya ba. Ki saki muƙamuƙi, yawancin ɗalibai a nan suke ɗaure sauti.

Sai furuci. Mu da harshenmu ke bambanta k da ƙ, d da ɗ, da dogon wasali da gajere, da karin sauti, ɗan sakaci kaɗan sai ma'ana ta juye kafin ta isa layin baya. Karya-harshe irin na ƙato da kwaɗo da suka je ƙoto ya isa motsa baki, amma a fara shi a hankali, kowane baƙi ya fita, sannan a ƙara sauri. Kuma a kula da wutsiyar jimla. Sababbi sukan fara da ƙarfi su haɗiye kalmar ƙarshe, alhali sau da yawa ita ce abokin wasa ke jira don ya amsa.

In murya ta dushe, a huta da magana, a sha ruwa. Raɗa ba hutu ba ce, tana ƙara wahalar da tantanin murya, haka ma yawan gyaran murya. In dushewar ta wuce mako 2 zuwa 3, a ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro.

Sabuwar Ɗaliba: Na gode Anti. To haddar layuka fa? A haddace tun kafin a fara rihazal, ko sai darakta ya tsara motsi?

Darakta Ƙarami: Ni ina ganin a bari sai an tsara motsi. Jiki yana taimaka wa ƙwaƙwalwa: layin da aka ɗaure da zama a kujera ko buɗe ƙofa ya fi zama. Wanda ya haddace shi kaɗai a ɗaki yakan zo da karin murya da ya riga ya daskare, ko me abokin wasa ya yi masa, amsarsa iri ɗaya ce, kuma warware wannan ya fi koyar da sabo wuya.

Anti Murya: Ƙanena a nan ban bi ka ba. Laifin ba na haddar wuri ba ne, na yadda aka yi ta ne. A haddace kalmomin a miƙe, ba kari ba salo, kamar mai karanta jerin sunaye. Salon zai zo a rihazal. Muddin takarda na hannu, ido ba ya haɗuwa da ido, hannu ba ya aiki, rabin lokacin rihazal ya tafi a banza.

Darakta Ƙarami: Na yarda in har a miƙe aka haddace. Amma ɗalibi nawa ne ke iya hakan a shekarar farko, Anti?

Anti Murya: Shi ya sa ake koya musu. Su rubuta layukan da hannu, su rufe takarda su riƙa jan ta ƙasa layi-layi. Su haddace kalmomin ƙarshe na abokin wasa tare da nasu, domin mafi yawan "na manta" ba layin aka manta ba, mashigarsa aka manta. Minti 20 sau 3 a yini ya fi awa 3 a dare ɗaya.

Yaya Manaja: Ko wanne aka bi, ranar ajiye takarda tana cikin jadawali, kuma ba a ɗaga ta. Wani ƙiyasi da daraktoci ke yawan amfani da shi: kowane minti 1 na wasa yana cin kusan awa 1 ta rihazal. Wasan minti 30 ke nan yana neman wajen awa 30. Sai ki lissafa abin da makarar mutum ɗaya ta minti 20 ke ci idan mutum 12 na zaune suna jiransa.

Tunda an zo nan, bari in yi bayanin littafin manajan dandamali, don kusan kowane ɗalibi za a sa shi mataimaki wata rana. Ana buga wasan a fuska ɗaya ta takarda, shafin da ke kallonsa a bar shi fari. Duk motsin da darakta ya tsayar, a sa lamba a kan kalmar da aka yi shi, a rubuta bayaninsa a farin shafin. Da fensir kaɗai, domin gobe za a sauya. Alamun fitila da na sauti kowanne da jerin lambobinsa. Wajen kiran alamun, kamar rabin shafi kafin lokaci a ce "fitila 12, shirya", mai fitila ya amsa. In lokaci ya yi a ce "fitila 12, tafi". Kalmar "tafi" ita ce ta ƙarshe a kullum, kuma ba a furta ta a na'urar magana sai ana nufinta, don yatsan mai fitila a kan maɓalli yake, da ya ji ta zai danna. Wurin kowace kujera da tebur a manna masa tef a ƙasa, launi daban ga kowace fitowa, don masu sauya kaya a duhu suke aiki.

Baban Fitila: Madalla. Ga nawa ɓangaren, kuma a riƙe shi da kyau don akwai rai a ciki.

Lissafin wuta: wat daidai yake da bolt sau amfiya. A wutar bolt 230, fitila mai wat 1000 tana jan amfiya 4.3 da ɗan kai. Wayar jona mai ɗaukar amfiya 13 iyakarta wajen wat 3000. Fitila 2 lafiya, ta 3 ta kai ki bakin iyaka, ta 4 ko fiyus ya tsinke ko waya ta narke. In wayar mai naɗi ce a warware ta duka kafin a ɗora mata kaya, a naɗe zafi take tarawa. Kowace fitila da aka rataye, ban da maƙalarta, sai an sa mata wayar tsaro ta ƙarfe a jikin sandar. Ƙwan halojin ba a taɓa gilashinsa da yatsa, maiƙon fata yana sa wurin ya yi zafi fiye da kima ƙwan ya mutu da wuri ko ya fashe. Tsani kuwa, wani ya riƙe ƙasa, kada a bar sifana ko guduma a samansa, kuma wanda ke sama ya yi magana kafin ya sauko da komai.

Saita haske: hanyar da aka fi fara koyarwa ita ce ta Stanley McCandless na jami'ar Yale a Amurka, wadda ya wallafa a 1932. Kowane gida na dandamali a ba shi fitila 2 daga gaba, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, kowacce a kusurwar digiri 45 a gefe da kuma 45 daga sama. Ɗaya a sa mata launi mai ɗumi, ɗaya mai sanyi, sai fuska ta fito da tudu da kwari. In fitila ta yi tsaye a kai, ramin ido ya yi baƙi. In ta yi ƙasa daidai fuska, fuskar ta baje, inuwa ta hau bango. A ƙara ɗaya daga baya don ta raba mutum da bangon.

Fitilun LED na zamani yawancinsu ba a jona su a na'urar rage wuta ta tsofaffin fitilu, wuta kai tsaye suke so, umarni kuma ta wayar DMX, wato wayar da ke kai musu saƙo daga na'urar sarrafa fitilu, wadda layi ɗaya ke ɗaukar tasha 512. In fitila biyu suna rikicewa tare, a fara duba lambar adireshinsu, wato tashar da aka ba kowacce, galibi sun hau kan juna ne.

Hajiya Mai Sutura: Baba ka taɓo inda nake jira. Sutura da fitila in ba su zauna tare ba, sai an yi kuka ranar gwajin ƙarshe. Koren yadi a ƙarƙashin jan haske baƙi yake komawa. Fari tas kuma yana ƙyalli ya danne fuskar mai sanye da shi, shi ya sa ake ɗan rina shi ya dusashe. A kai ƙyallen yadin ƙarƙashin fitilar a gani tun kafin a yanka.

'Ya'yana, ku koyi riƙe allura, maza da mata. Sa maɓalli, kama ƙafar wando, ɗinke tsaga cikin minti 2 a bayan labule. Ku koyi awo: ƙirji, ƙugu, kwankwaso, faɗin kafaɗa, tsawon hannu, tsawon ƙafa, zagayen kai, a rubuta a takardar kowane ɗan wasa. Doguwar riga da takalmin wasa a fara rihazal da su ko da makamancinsu da wuri, domin suna sauya tafiya. In akwai sauyin kaya na gaggawa, a jera su a kujera bi da bi, wanda za a fara sawa a sama, mutum ɗaya ya tsaya taimako, a gwada da agogo har sai ya zauna. Kayan kwalliyar ido ba a aron su, ciwon ido ta nan yake zaga ƙungiya. Gam ɗin manna gemu a gwada shi a fatar hannu kwana ɗaya kafin a kai shi fuska.

Kafintan Sashe: A taƙaice nawa. Bangon dandamali da aka fi yi ƙafa 4 ne a faɗi, 8 a tsayi, daidai girman falanki ɗaya. Firam na katako, sanda a tsakiya, kusurwoyi a ƙarfafa su da 'yan falankai masu kusurwa uku. Kafin a buga fuska a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, in awon bai zo ɗaya ba firam ɗin ya karkace, kuma ba zai haɗu da maƙwabcinsa ba. A tokare shi ta baya a ɗora wa tokarin nauyi. Sukuru ya fi ƙusa, don za a kwance a sake amfani da katakon. Ƙaramin samfurin dandamali ana yawan yin sa a ma'aunin 1:25, wato santimita 4 a samfur mita 1 ce a fili.

Malam Mai Nazari: Kun ga yadda zancen ya koma bayan fage, to bari in ja shi baya kaɗan, don kada 'yata ta ɗauka tarihi na cin jarrabawa ne kawai. Aristotil na Girka, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya lissafa ginshiƙan wasa 6, ya sa zubin labari a farko, abin kallo a ƙarshe. Bertolt Brecht na Jamus, wanda ya rasu a 1956, bai so ɗan kallo ya nutse har ya manta wasa yake kallo ba, yana so ya yi tunani ya yi hukunci, shi ya sa ake barin fitilu a fili, ɗan wasa ya juyo ya yi wa jama'a magana. Augusto Boal na Barazil ya ƙara gaba: ɗan kallo ya tsayar da wasa, ya hau ya karɓi matsayin wanda ake zalunta ya gwada tasa mafitar. Duk mai shirin yin wasan wayar da kai a cikin al'umma zai ci karo da Boal. Amfanin sanin waɗannan shi ne, in darakta ya ce salon Brecht za a bi, mai fitila da mai sutura da ɗan wasa kowa ya san abin da zai sauya a aikinsa.

Darakta Ƙarami: Gargaɗi ɗaya kan Stanislavski, Malam. Ɗalibai na jin labarin tuno wani baƙin cikin rayuwa don a samu hawaye, sai su faɗa ciki ba jagora. Shi kansa a ƙarshen rayuwarsa ya fi karkata ga aikin jiki, a bi ta abin da mutum ke aikatawa, ji ya biyo baya. Sabon ɗalibi ya bi ta nan, ya fi aminci, kuma ana iya maimaita shi kowane dare.

Haka faɗa a dandamali. Mari ba a yin na gaske, ko da wanda za a mara ya ce ya yarda, domin tafi in ya sauka a kunne yana iya fasa dodon kunne. Ana haɗa ido, a tabbatar da tazara, hannu ya wuce ta gaban fuska, wani ya tafa don sauti, wanda aka mara ya juya kai. A jan gashi ko shaƙa, wanda ake yi wa shi ke riƙe da hannun ɗayan, shi ke jan motsin. A koya a rabin sauri, kuma a maimaita kafin kowane wasa.

Sabuwar Ɗaliba: Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe: me ya kamata ya kasance a jaka ranar rihazal ta farko?

Yaya Manaja: Kwafin wasan da sunanki a kai, fensir 2 da magogi, ƙaramin littafin rubuta gyaran darakta, ruwan sha, kaya masu sakewa da za ki iya durƙusawa da kwanciya a ƙasa da su. In bayan fage aka tura ki, baƙaƙen kaya marasa rubutu, rufaffen takalmi mai tafin roba, da ƙaramar tocila da aka rufe bakinta da shuɗin leda don kada haskenta ya fita zaure. Ki iso minti 15 kafin lokaci ki motsa jiki da murya. Kuma teburin kayan wasa, wanda aka zana wa kowane abu gurbinsa aka rubuta suna, in abin ba naki ba ne kada ki ɗaga shi, ko da kin ga kamar ba a wurinsa yake ba. Ki kira manaja ya duba.